Kwalabe Biyu Cikin Harami

Malamai sun yi babi-babi a kan amana: amanar dukiyar maraya, amanar sirri, amanar shaida a gaban alƙali. Na karanta abin da ya sawwaƙa daga ciki, har an yi mini jarrabawa a kai na haye. Amma ina shaida wa duk wanda rubutun nan ya riska cewa amana mafi nauyi da na taɓa ganin ɗan Adam ya ɗauka ba ta cikin ko ɗaya daga babukan nan. Tana cikin firjin wani gida ne a unguwar Ainu Shams ta birnin Alƙahira, hawa na huɗu, tsakanin ledar kuɓewa da rabin kaza.

Mai amanar surukina ne, mahaifin maiɗakina. Allah ya karɓi abinsa a zafin watan Agustan bana, zafin da ya kwashi tsofaffi da dama a birnin Alƙahira. Daga Allah muke, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na zauna a wurin makokinsa na ji ana ta yabon wani mutum da ban sani ba, alhali wanda na sani ya fi shi cancantar a tuna da shi.

Ni da maiɗakina a Faisal muke zaune, can ɗaya gefen birni, ga ta da tsohon ciki. Kafin mu ratso cunkoso mu iso an gama wanka, an sa likkafani, ana saukowa da shi. Daga bakin ƙofa na bi ayari zuwa maƙabarta, ita ta hau sama wurin mata. Da muka dawo aka jera kujeru a lungu. 'Yan'uwansa Hausawan Sudan suka cika gefe guda, yawancinsu daga unguwar Arba wa Nus, mu ɗaliban Arewa muka cika ɗayan. Aka shiga yabo.

Amininsa, wani tsohon tela, ya ce tun da yake bai taɓa jin marigayi ya ɗaga murya ba. Na sunkuyar da kai, don ni na taɓa ji, kuma a kaina aka ɗaga ta. Wani ɗalibi ya ce Duktur, kamar yadda ake kiran marigayi a lungu, likita ne mai tausayi, ya taɓa duba masa ƙurji kyauta. Marigayi bai taɓa karanta likitanci ba. Ya dai gaji da yi wa mutane bayani ne, sai ya koma cewa kowa ya wanke da gishiri. Mai gadin gida, Bamisire, ya share hawaye ya ce shekara da shekaru kullum safiya sai Duktur ya tambaye shi ko yau za a ɗauke wuta, kamar shi ne ministan lantarki.

Sai limamin masallacin lungu ya gyara murya.

"Jama'a, ga abin koyi. Bawan Allah nan ya tanadi ruwan Zamzam na likkafaninsa tun shekaru, ya naɗe shi a cikin haraminsa na hajji, ya hana kowa taɓawa. Yau mun yayyafa masa abinsa. Wa ke shirin mutuwa haka a zamanin nan?"

Aka yi kabbara. Ni kuwa ban yi kabbarar ba. Domin abin da ke naɗe cikin haramin ba Zamzam ba ne. Kwalabe biyu ne na ruwan teku, kuma ɗaya daga cikinsu akwai guba.

Bari in koma baya, in ba haka ba za a ɗauka surukin nawa boka ne.

Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, suka yada zango a bakin Shuɗin Nilu, zangon ya zama gari. Yakan ce gadon gidansu ke nan, a tashi za a Makka a ɓuge da noman auduga. Shi kuwa ya fi su duka ɓatan hanya. Ya karanta ilimin sinadarai a Khartum, ya yi aikin auna ruwan Bahar Maliya, daga nan ya samu shiga jirgin ruwan wasu masu bincike na ƙasar waje da ke zuwa tekun ƙarshen kudu, wanda ya kewaye ƙasar ƙanƙara ta Antatika. Ya yi shekaru yana zuwa yana dawowa. Tsufa da neman magani suka kawo shi Alƙahira.

Na san shi ne a farkon shekarar 2011, kwanakin da gari ya rikice. Samarin unguwa sun fito da sanduna suna tsare kowace kwana, ana ta raɗe-raɗin baƙi ne ke hura wutar, mu kuwa fatarmu ta riga bakinmu faɗin cewa mu baƙi ne. Mu biyar muke haya a ƙasan gidansu, abincinmu ya ƙare, babu mai ƙarfin halin leƙa titi. Sai ga wani dogon tsoho da jallabiya yana ƙwanƙwasa ƙofa, ya yi mana sallama da wata irin Hausa tsohuwa da ba mu taɓa ji ba sai a bakin kakanni.

"Ya awlad, yarana, ku taso. Mutum ba ya jin tsoro da yunwa a lokaci guda, ɗaya ake yi."

Muka tare a falonsa har ƙura ta lafa. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajja, ta yi ta tuƙa mana asida, tuwon mutanen Sudan. Duk sa'ad da aka ji ƙarar harbi daga nesa, sai tsohon ya ce mu matso ya ba mu labarin teku don hankalinmu ya kwanta. Allah ya gafarta masa, bai san abin da ke kwantar da hankali ba.

Ya sa aka kawo lemon kwalba biyu, ɗaya daga firji, ɗaya da ya sha rana a taga. Ya buɗe mai zafin, ya yi tsiri ya zube. Ya buɗe mai sanyin, ya ɗan yi tsaki ya yi shiru.

"Kun gani? Ruwan sanyi yana riƙe iska. Hayaƙin da duniya ke fitarwa, na mota, na masana'anta, na wannan bas ɗin da ke tari a bakin titi, akwai kabon a ciki. Kaso mai yawa tekun can ne ke haɗiye shi, ruwan ya yi nauyi ya nutse da shi ƙasa. Wannan ɗaya. Na biyu, daga can ƙasa tekun yake tono taki ya fito da shi, irin sinadaran da kuke saye a buhu ku zuba wa masara. Takin nan shi ke ciyar da wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, su ciyar da ƙananan halittu, su kuma su ciyar da kifi. Igiyar ruwa ta ɗauki ragowar ta raba wa sauran tekuna. Rumbun teku yana kudu, ya awlad. Kuma shi ne jujin hayaƙinmu."

Wani daga cikinmu ya ce to ai alhamdu lillahi, Allah ya yi mana juji.

"Ya yi. Amma ruwan da ya sha kabon tsami yake yi, kaɗan-kaɗan. Masu ɓawo a cikinsa ɓawonsu ya soma laushi. In iska ta sauya, ƙanƙara ta sauya, hanyar takin ma sai ta sauya. Kuma ba za ku ji ƙara ba. Waɗannan na waje," ya nuna taga, "aƙalla suna da mutunci, suna sanar da mutum. Wancan shiru yake yi."

Mun shiga gidan da tsoro ɗaya, muka fito da biyu. Na farkon ya riƙa zuwa yana tafiya. Na biyun har yau yana nan.

A kwanakin ne na ga hannun 'yarsa yana miƙo tire daga bayan labule, na yi abin da ɗalibin fiƙihu kan yi, wato na gina hukunci babba a kan dalili ƙarami. Da manyana suka je neman aure a shekara mai biye, bai tambayi asalina ba, bai tambayi sana'ata ba. Ya ce a kira yaron.

"Ya Faki," haka yake kirana, wato malam a bakin mutanen Sudan, "garin da rana ba ta faɗuwa, yaushe ake magariba?"

Na ce ana ƙaddara lokaci ne, na jero maganganun malamai ina jin daɗin kaina.

"Kwayis, ya yi kyau. Kai ka karanta, ni na yi. Na yi makonni ina sallar magariba rana na kallon ƙeyata. Wallahi kowace raka'a ji nake kamar na yi sata." Ya juya ga manyana. "Ku ba shi. Bai san komai ba, amma ya san inda aka rubuta."

Bayan ɗaurin aure ya nuna mini kwalaben, kamar yadda wani zai nuna wa suruki iyakar gona. Aikinsa a jirgi, in ji shi, shi ne a saukar da gwangwanaye a jikin waya zuwa can ƙasan teku, a rufe bakinsu, a jawo su, a auna takin da kabon ɗin da ke cikin ruwan. Ana yi hannu na daskarewa. Farcensa biyu a can ya baro su. A tafiyarsa ta ƙarshe ya ajiye rarar ɗiba guda, ya raba ta biyu. Ta robar tana gidan ƙanƙara, don taki ba ya zama yadda yake sai a daskare. Ta gilashin tana can ƙasan firji, ita ce ta kabon: an ɗiga mata gubar zaiba don ta kashe duk wani mai rai da zai ci ko ya yi numfashi a ciki, an shafe murfin da wani mai don kada iska ta shiga. A jikinta ya zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Harami kuwa, kowa ya sani, ƙyalle biyu ne masu kauri. Ya naɗe kowace kwalba da ɗaya, don ya riƙe sanyi ya kuma tare haske. Ba ibada ba ce ta sa, tawul ne mai kyau.

Yadda ta robar ta ratso daga ƙarshen duniya zuwa Sudan, daga Sudan zuwa Masar, ba ta narke ba, ya rantse mini a kai, ni kuma ban ga ribar ƙure suruki ba.

Na ce, "Baba, amfaninsu fa? Ba kun riga kun auna ba?"

"In ka auna gero da tiya shekara talatin da suka wuce, yau ka auna da sikeli ka ga ya bambanta, geron ne ya sauya ko tiyar ce ta yi ƙarya? Na'urorinmu na da tiya ne. Yaran yanzu suna komawa wurin suna aunawa, sai su dubi lissafinmu su yi murmushi. To ga ruwan jiya nan da kansa. A sa shi a na'urar yau, a ajiye kusa da ruwan yau. Khalas, gardama ta ƙare."

Na ce to me ake jira? Ga Iskandariya nan kusa, akwai masu wannan aikin.

"Kwalba sau ɗaya ake buɗe ta, ya Faki. Na'urar baɗi ta fi ta bana."

Haka ya faɗa a wannan shekarar, haka ya faɗa a mai bi mata. Na daɗe kafin in gane cewa ba na'ura yake jira ba. Tsoron amsar yake yi. In ta ce teku ya sauya, hankalinsa ya tashi. In ta ce tiyar ce ta yi ƙarya, ƙuruciyarsa da farcensa sun tafi a banza. Abin da ya iya shi ne ya ɗora mini: in ya riga ni, in kai su.

Sai aka shiga shekarun ɗauke wuta. Da fanka ta tsaya zai ja kujerarsa ya jingina bayanta da ƙofar firji, ya zauna da tasbaha, babu mai buɗewa ko da maƙogwaronsa zai tsage. Hajja takan ce mijinta ya yi ritaya daga teku ya kama gadin firji, kuma ba a biyan sa. Jikoki suka koyi shan ruwan tulu.

Rigimarmu ɗaya da shi, ranar Babbar Sallah ce. An ɗauke wuta, ya shiga alwala, Hajja ta miƙo mini ƙwaryar nama da ɗuminsa ta ce in tura gidan ƙanƙara kafin mai gadi ya dawo. Umarnin surukuwa ne, na bi. Ina tsaye ƙofa a buɗe ina neman wuri sai na ji tsawa a bayana.

"Rufe! Rufe, ya zol, kai wannan mutum! Nama mai zafi kusa da ita? Kana da hankali kuwa?"

A gaban matata, a gaban baƙi. Kunya ta sa na yi abin da ban taɓa yi ba, na mayar wa suruki magana, kuma na yi ta da Larabcin makaranta don ta yi kama da nasiha. Na ce duniya ta Allah ce, abin da ya rubuta wa teku babu kwalbar da za ta hana, yawan tsoro kuma raunin tawakkali ne.

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce a hankali, "Allah ya rubuta, na yarda. Ni ban ce zan goge ba. Cewa na yi a karanta."

Washegari ya hau mota tun daga Ainu Shams har Faisal, ya kawo mini cinyar rago a leda. Bai ce yi haƙuri ba, ban ce ba. Ya ce naman ya yi yawa ne, babu wuri a firji.

Ranar da na fi jin tsoro a zamana na Masar ta zo a bazarar 2014. Wutar lungunsu ta lalace gaba ɗaya, aka ce gyara sai an kwana biyu. Ya bugo mini waya ya ce ƙanƙarar ta soma gumi. Muka zuba kwalaben a kula, muka cika da ƙanƙarar saye, muka nufi jirgin ƙarƙashin ƙasa don mu kai su gidana. Lokacin kuwa ana yawan jin an tsinci abin fashewa nan da can, kowace tasha ana buɗe jaka. Takardar zamana tana wurin sabuntawa. Ina tafe ina lissafa yadda abin zai kasance a idon mai bincike: baƙaƙe biyu, ɗaya da gemu, da kula, da kwalba mai hoton ƙoƙon kai, da bayanin cewa ruwan Antatika ne. Ni kaina da ni ne mai binciken da ban yarda ba. Na san ɗalibai da aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba, aka daɗe ana neman inda suke.

A bakin shiga wani jami'i ya ce a ɗora a tebur. Ya buɗe. Ya ture ƙanƙara da yatsa, ya ga farin ƙyalle mai gezar nan da kowane Musulmi ya sani. Sai fuskarsa ta saki.

"Zamzam, ya Hajj?"

Surukina bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya dai dube shi da idon nan nasa da yana ta soma rufewa.

"Ma sha Allah. Ka yi wa mahaifiyata addu'a, ba ta da lafiya."

Tsohon ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a mai tsawo, da gaske kuma, har jami'in ya rufe mana kular da hannunsa. A cikin jirgi, da numfashina ya dawo, na ce, "Baba, malamai sun ce shiru a wurin bayani kamar cewa e ne fa..."

"Ka rubuta fatawarka in mun isa. Yanzu riƙe kular da kyau, tana ɗiga."

Labarin ya zaga lungu, ya kuma yi abin da labari kan yi, ya zubar da rabinsa a hanya. Abin da ya isa masallaci shi ne Duktur yana da Zamzam a cikin harami.

Bana wutar ta ɗan daidaita, amma shi bai yarda da ita ba. A kan kujerar nan Hajja ta same shi da hantsi, bayansa jingine da ƙofar, tasbaha a cinya, firji na ta gurnaninsa lafiya lau.

To, mun dawo lungu, liman ya gama yabo, ni ina zaune kamar an dasa ni. Na matsa kusa da tela na yi ƙasa da murya.

"Baba, ruwan nan, yayyafawa kawai aka yi?"

"Haba Malam, Zamzam ya zo hannu a bar shi haka? Mun kurɓa don tabarruki, ni da liman da mai gadi. Na asali ne, na da, gishirinsa har ka. Ba irin na yanzu da ake tacewa ba."

"Daga wace kwalba? Ta roba ko ta gilashi?"

"Wa ya ga kwalba? A kwano aka miƙo mana. Ragowar mun mayar wa mata, an ce a ba mai cikin nan, ya sauƙaƙa mata haihuwa."

Ban san yadda na hau benen ba. Na san dai ina hawa ina ƙoƙarin tuna abin da ya taɓa faɗa mini a kan zaiba, ko tana kisa nan take, ko a hankali take bi, ko tana ratsawa ta isa ga ɗan da ke ciki. Ban tuna komai ba sai hoton ƙoƙon kan. Na kutsa cikin mata ba sallama, abin da ko mahaukaci ba ya yi a gidan surukai ranar makoki. Na hango maiɗakina a kusurwa, kwano a gabanta, babu komai a ciki.

"Kin sha?"

"Ƙanwar Baba ce ta matsa mini. Kurɓi ɗaya, na kasa haɗiye na biyu. Lafiya?"

Na faɗa kicin. Na buɗe gidan ƙanƙara: kuɓewa, rabin kaza, babu kwalba. Na durƙusa na buɗe ƙasa: babu kwalba. Duka biyun sun tafi. Ina durƙushe a gaban firjin, ƙofa a buɗe, karo na farko babu mai yi mini tsawa, sai na ji muryar Hajja daga ɗakin da ta shiga takaba.

"Ku ce wa Faki ya rufe firjin nan, ya zo bakin ƙofa."

Na je na tsuguna. Ta ɗaga gefen mayafinta. Kwalbar gilashin na kan cinyarta, naɗe da haraminta, ba a taɓa ta ba.

"Na ba su wadda za su iya sha. Shekara nawa ina zaune da guba a firjina, kai za ka koya mini wacce ce?"

Na ce, "Hajja, amma kin san ba Zamzam ba ne."

"Sun zo ƙofa suna cewa a ba su Zamzam ɗin Duktur. Mijina na kwance a tabarma, in tsaya ina koya wa liman ilimin teku? Na sa ta a ruwan ɗumi ta narke, na juye musu." Ta mayar da mayafin kan kwalbar. "Shi ya ɗebo shi da hannunsa. Duk duniya wa ya fi shi haƙƙinsa? Kai dai gaya mini, ya halatta?"

Na ce ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, shafin farko ne na kowane littafin fiƙihu. Shekarun da na yi ina karatu a ƙasar nan, ranar ce kaɗai aka yi mini tambayar da amsarta ta yi wa wani amfani nan take.

Ban gyara wa liman ba a ranar. Rabin amanar ya bi mai ita kabari, takin tekun kudu yana ƙarƙashin yashin Masar, sauran kuma a cikin tela da liman da mai gadi da maiɗakina, dukansu lafiya ƙalau. Saura rabi.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki ta gilashin na hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariya, tana naɗe da haraminta, ina jin kunyar sanin dalilin da ya sa ban sauya mata ƙyalle ba. Duk hanya tana kan cinyata, ina jin tsoron ta fashe, ina jin tsoron a tambaye ni, ina kuma jin tsoron da na gada, na amsar. Wata malama mai binciken sinadaran teku, wadda aka haɗa ni da ita ta hannun wani tsohon abokinsa, ta karɓe ni. Ta saurari labarin duka ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Na tambaye ta ko tsoron nasa na da tushe. Ta ce yana da shi: masu komawa can suna aunawa sun ga kabon na ƙaruwa a ruwan, tsamin ma haka, zancen takin ne ya fi sarƙaƙiya, har yanzu ana warwara. Ta faɗe shi da irin muryar da ake faɗin farashin tumatir.

Sannan ta sa safar hannu, ta warware haramin, abin da shi ya daɗe bai yi ba don tsoron haske. Ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ma'alish, ya Ustaz," wato sai haƙuri, Malam.

Allah ya jiƙan surukina. Ya ciyar da mu muna cikin tsoro, ya ba ni 'yarsa a kan tambaya ɗaya, ya yi wa uwar baƙo addu'a da zuciya ɗaya a lokacin da ransa ke hannun ɗanta. Allah ya sanyaya makwancinsa, sanyin da ba ya jiran lantarki. Ya ba Hajja haƙuri, ya raya jikan da aka haifa bayansa aka sa masa sunansa, wanda zai rayu ya ga abin da tekun zai yi. Duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ya kuma daina cewa likita ne.

Abin da malamar ta nuna mini shi ne ruwan ya sauka da kamar yatsa biyu, farin gishiri ya kewaye wuyan kwalbar, man da aka shafe murfin da shi ya bushe ya tsattsage kamar kaushi. Ta ce ya yi shekaru a haka. In an auna ruwan yau, kabon ɗin da za a samu na iskar Ainu Shams ne.